Shekara Tara Babu Yaya Lawal, Malaman Riƙo Suna Nan Suna Jira

A damunar nan Yaya Lawal ya cika shekara tara a ƙasa. Na so in yi shiru kamar sauran shekarun, mu taru a gidansa na Tudun Wada, a yi sauka, a raba waina, kowa ya kama gabansa. Amma wani abu ya faru a ofishina cikin zangon karatun da ya wuce wanda ya hana ni sukuni, shi ya sa na ce bana sai na rubuta. Wanda ya san shi ya yi masa addu'a. Wanda bai san shi ba ya ji ko wane ne, musamman malaman da ke cin moriyar wahalarsa ba su ma taɓa ganin fuskarsa ba.

Sunansa Muhammadu Lawal. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce ta huɗu. Malamin lissafi ne, kuma shekara goma sha biyar ya yi yana koyarwa a makarantun firamare na garin nan ba tare da ya taɓa samun ajin da zai kira nasa ba, domin malamin riƙo ne. Ga wanda bai san abin ba, idan malama ta tafi hutun haihuwa, ko malami ya tafi ƙarin karatu ko aikin Hajji, ko ciwo ya kwantar da shi, akwai mutane masu takardar shaidar malanta irin ta kowa da ake kira su riƙe ajin kafin mai shi ya dawo. Ba su da takardar kama aiki, ba su da fansho, abin da ake ba su alawus ne na kwanakin da suka tsaya gaban allo. Ran da mai aji ya dawo sai su rataya jakarsu su koma gida, su jira a sake nemansu.

Kowace Litinin da sassafe Yaya zai goge rigarsa, ya hau baƙin kekensa ya nufi ofishin da ake raba riƙo. A barandar ofishin akwai benci biyu, nan suke zama maza da mata, kowa ido a kan ƙofa, sai jami'in da ke rabon, wani Alhaji Tanimu, ya fito da takarda a hannu. Riƙon kuwa ba duka ya zama ɗaya ba. Akwai na shekara biyu, na malamin da ya tafi karatu, wanda mutum zai samu natsuwa ya san inda gobensa take. Akwai na kwana uku, na wanda zazzaɓi ya kama. Akwai makarantar da za ka je da ƙafa, akwai wadda kuɗin mota zai cinye abin da za a ba ka. Babu wanda ya san ma'aunin da Alhaji Tanimu yake amfani da shi, amma kowa ya san sakamakon. Dogon riƙo na kusa yakan tafi wurin ɗan wane da ƙanwar matar wane, mai uwa a gindin murhu ai ba ya cin tuwonsa gaya. Sauran kuma su kwashi guntu-guntu, wannan mako Tudun Jukun, mako mai zuwa Kwangila, na gaba can bayan Hanwa inda kwalta ta ƙare.

Ko fannin mutum ba a dubawa. Na tuna ranar da ya dawo yana dariya, ya ce wa Innarmu yau an tura shi ya koya wa 'yan aji biyar saƙa da ɗinki, alhali a makarantar da ke maƙwabtaka da su an ba wani malamin Arabiyya lissafin 'yan aji shida masu shirin jarrabawa. Inna ta ce to ya aka yi. Ya ce ya roƙi yaran su koya masa, kuma sun yi haƙuri da shi. Dariya yake yi, amma ni da na san shi na ga abin ya ci masa rai. Abin da ya fi damunsa yaran ne. Sai ya fara ganin sun kama kan rabawa, idanunsu sun fara buɗewa, sai a ce masa gobe kada ya zo. Saboda haka ya ɗauki wata al'ada, duk ajin da zai bari sai ya rubuta wa mai ajin wasiƙa ya ajiye a aljihun tebur: wance ta gane amma tana jin kunyar ɗaga hannu, wane ba ya ganin allo daga baya, a dawo da shi gaba. Ban san malamai nawa ne suka karanta waɗannan wasiƙu ba. Na dai san wata da ta ce mini ta naɗe ƙosai da tata kafin ta lura da rubutu ne a ciki.

Dole in faɗi nawa tun da wuri, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni ma da riƙo na fara, shi ne ma ya kai ni barandar nan ya nuna mini inda ake zama. Shekara biyu kacal na yi. Surukina mutum ne mai jama'a, ya rubuta 'yar takarda layi uku, cikin wata guda na karɓi takardar kama aiki. A lokacin Yaya yana shekararsa ta tara a kan benci. Na yi kwana biyu ina juya yadda zan faɗa masa. Da na je na same shi a zaure ya kifa keken yana faci, hannunsa duk baƙin mai. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa takardar. Ya goge hannu a tsumma, ya karanta ta daga sama har ƙasa, har da lambar fayil.

“Alhamdu lillahi, Binta,” ya ce. “Ko ba komai ɗaya daga cikinmu ta shiga inuwa. Ki riƙe aikin da kyau.”

Ya koma kan facinsa. Da ya yi mini gori da na fi samun sauƙi.

Abin da ya fitar da shi daga haƙurinsa bai shafi kansa ba. Akwai wata Malama Talatu, bazawara mai 'ya'ya uku, da take riƙon aji huɗu a wata makaranta a Tudun Jukun. Lokacin tara, yara suna wasa, wata tsohuwar ƙofar aji da aka jingine a bango tun kafin zuwanta ta faɗo wa wata yarinya a ƙafa. Iyaye suka zo da fushi, kuma suna da gaskiya. Shugaban makarantar yana bukatar wanda zai nuna, ga malaman dindindin kowa da katin ƙungiya a aljihu, taɓa su sai an yi zama an rubuta takardu. Sai ya juya wurin wadda ba ta da kowa. A gaban iyayen ya ce mata ta tattara kayanta. Ba ita ke duba filin wasa ba a ranar, tana cikin aji tana duba littattafai, amma babu wanda ya tambaye ta. Aka aika wa Alhaji Tanimu, ya soke sunanta daga takardarsa. Magana ta ƙare a baki, ko rubutu ba a yi ba, balle ta samu abin da za ta ɗaukaka.

Yaya ya ɗauke ta suka je ofishin ƙungiyar malamai. Ni ma na bi su, tunda ni ce mai kati. Shugaban reshe a lokacin, Kwamared Shehu, mutum ne mai fara'a, ya sa aka kawo mana ruwa, ya saurara har ƙarshe yana girgiza kai. Sannan ya buɗe durowa ya ɗauko ɗan littafin dokokin ƙungiya.

“Malam Lawal, wallahi an zalunce ta, ban musa ba. Amma ka duba nan. Ɗan ƙungiya shi ne wanda ake cire kuɗin ƙungiya daga albashinsa. Ku ba albashi gare ku ba, alawus ne. Idan na rubuta takarda a kanta, za a tambaye ni da wane matsayi.”

Yaya ya ce, “Kwamared, allin da ke hannunta da wanda ke hannunka kamfani ɗaya ya yi su. Yaran da take koya wa ba su san ita alawus take karɓa ba.”

“Na sani. Doka ce dai.”

“To Allah ya kai mu ranar da dokar za ta bukace mu.”

Muka fito. Malama Talatu ba ta sake shiga aji ba. Har yau tana nan, tana sayar da atamfa da mayafai gida-gida, kuma idan muka haɗu a biki ba ta yarda a yi hirar makaranta.

Daga wannan rana ya fara bi gida-gida a kan kekensa bayan la'asar. Bai iya dogon jawabi ba, in ya tsaya gaban manya ma har in'ina takan kama shi, sai dai yana da naci irin na mai koyar da lissafi, ya maimaita abu sau goma ba ya gajiya. Suka riƙa taruwa ranar Asabar a ƙarƙashin wata darbejiya a ƙofar gidansa, matarsa Saude tana fito musu da tabarmi, mata daga cikin zaure. Bukatarsu ba ta da yawa. Suna son a rubuta sunayen masu riƙo a jere a kafa a bango inda kowa zai gani, a riƙa bi layi, wanda ya karɓa ya koma ƙarshe, kuma a ba mutum fannin da ya karanta. Sannan kada a sake korar kowa da fatar baki, sai an zauna an ji ta bakinsa, wakilin ƙungiya yana wurin. Da yawa sun ji tsoro, suna cewa wanda ke riƙe da wuƙa da nama ba a nuna masa yatsa. Wasu suna zuwa taron su kwashe abin da aka ce su kai wa Alhaji Tanimu kafin magariba. Yaya ya san su, bai taɓa hana su tabarma ba.

Ranar da ya yi wa Kwamared fata ta zo bayan kusan shekara biyu, lokacin da malaman dindindin muka shiga yajin aiki. Mako na biyu da rufe makarantu aka tara masu riƙo a barandar nan. Alhaji Tanimu ya fito da fara'ar da ba su taɓa gani ba, ya ce duk wanda ya shiga aji ranar Litinin za a tuna da shi idan aka zo ɗaukar aiki. Ku dubi abin da aka ajiye a gaban mutumin da ya kai shekara goma sha biyu yana jira, ga 'ya'ya biyar, ga ƙanwarsa ta riga shi. Ni ina gida a zaune, katina yana kare ni, ko an daɗe ko an jima zan koma ajina. Shi ba shi da abin da zai kare shi. Saude da kanta ta ce masa ya duba yaran nan, kuma ban ga laifinta ba, ita ke auna hatsin gidan.

Ya tara mutanensa ƙarƙashin darbejiya ya ce musu shi ba zai shiga ba, kuma ba zai zagi wanda ya shiga ba. Ya ce idan suka zama sandar da ake dukan malamai da ita, ran da aka gama dukan a bayan ƙofa za a jefar da su. Mafi yawansu suka bi shi. Ranar Litinin makarantu suka kasance a rufe, in ban da 'yan azuzuwa nan da can. A ranar Kwamared Shehu da kansa ya zo Tudun Wada, ya cire takalmi ya zauna a tabarmar Saude. Da aka zo sulhu, ƙungiya ta sa bukatun masu riƙo a cikin abin da aka tattauna, aka rubuta yarjejeniya shafi ɗaya, Yaya ya sa hannu a madadin 'yan'uwansa. Bayan mako biyu aka kafa allon katako a barandar ofis, sunaye a jere da lamba. Na ga manyan mutane masu furfura sun tsaya gabansa suna bin sunansu da yatsa kamar masu duba sakamakon jarrabawa.

Da a tatsuniya ne da nan za a tsaya. Amma da aka zo ɗaukar aiki a shekarar, waɗanda suka shiga aji lokacin yajin su aka tuna da su, kamar yadda aka yi musu alkawari. Ƙungiya ba ta ce uffan ba, ta ma karɓe su da kati tunda yanzu suna da albashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi kuwa Yaya sunansa ya shiga bakin manya a matsayin mai taurin kai. Allon yana nan, ana bin sa, sai dai a cikin yarjejeniyar akwai wani ɗan layi da ya ce idan bukata ta gaggawa ta taso jami'i yana iya tsallake layi. Ta wannan 'yar ɓaraka ƙadangare ya shiga. Duk lokacin da dogon riƙo na kusa ya faɗo daidai sunansa, sai ya zama na gaggawa. Duk lokacin da na kwana huɗu ne a bayan gari, sai a ce layi layi ne, ai shi ya kawo dokar. Bai taɓa ƙin zuwa ba. Ya ce ran da ya ƙi, ya ba su hujjar sauke allon.

A shekararsa ta ƙarshe ƙafafunsa suka fara kumbura, hawan jini ya kama shi, likita ya ce ya rage tuƙa keke. Ya yi murmushi kawai. Cikin damuna ya kwanta, kwana biyar a asibiti, ranar Asabar da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Kwamared Shehu ya zo jana'iza da tawagarsa, ya yi addu'a mai tsawo, ya kira shi gwarzo. Ƙungiya tana da ɗan tallafin da take ba iyalan mamatanta. Saude ba ta samu ba, domin har ya mutu ba ɗan ƙungiya ba ne.

Ranar sadakar uku muna zaune a tsakar gida da mata, wayarsa ta yi ƙara a ɗakin Saude. Ta kasa ɗauka, ta miƙo mini. Wani akawu ne daga ofis, yaro mai ladabi. Ya ce a gaya wa Malam Lawal layi ya zo kansa, wani malamin lissafi zai tafi karatu shekara biyu, a makarantar da ke nan cikin Tudun Wada, ya zo ya karɓi takarda. Makarantar nan daga ƙofar gidan ana jin ƙararrawarta. Na gaya masa abin da ya faru. Ya yi salati, ya yi mini gaisuwa. Kafin wayar ta katse na ji wani daga gefe yana cewa, “To a kira na gaba.” Har yau ban sani ba ko Alhaji Tanimu ya riga ya ji labarin rasuwar kafin ya sa a kira. Na bar wa Allah wannan.

To yau fa, in da zai leƙo, me zai gani? Zai tarar babu benci a barandar, babu allon. An sauke shi shekarun baya da za a yi wa ginin fenti, aka ce za a mayar, fentin har ya koɗe ba a mayar ba. Alhaji Tanimu ya yi ritaya, yana sahun gaba a masallaci. Wanda ya gaje shi matashi ne mai kwamfuta, ya ce zamani ya wuce katako. Yanzu gurup ne a waya. Sai a jefa sanarwa cewa ana neman mai riƙo a wuri kaza, wanda ya riga amsawa shi ya samu. Ana kiran wannan adalci, wai waya ba ta san ɗan wane ba. Amma malamar da ke bakin murhu, da wanda katin wayarsa ya ƙare, da wanda wayarsa ke wurin caji saboda an kwana biyu babu wuta, duk sun rasa kafin su sani. Kuma kowa ya lura akwai mutanen da amsarsu ke shiga cikin daƙiƙa ɗaya, kamar sun rubuta ta sun ajiye suna jira. An gudu ba a tsira ba. Da, in an tsallake ka, kana iya sa yatsa a kan allo ka ce ga sunana. Yanzu me za ka nuna?

Ƙungiya kuma ta matsa, amma irin matsin hawainiya. An yi wa masu riƙo kati mai launi dabam. Suna iya shiga taro su zauna a baya, ba su jefa ƙuri'a, ba a zaɓensu. Sau uku ina miƙewa a taron reshe ina neman a ba su cikakken matsayi, a kuma tilasta a dawo da layin a rubuce. Sau uku ana yi mini tafi, a ce an miƙa wa kwamiti. Ran da aka tashi yajin aiki kuwa, su ake fara aika wa saƙo ana kiransu 'yan'uwa. Ina jin da Yaya zai ga katin nan mai launi dabam, zai juya shi gaba da baya kamar yadda ya karanta takardata, ya tambaya a hankali ko shi ma allin nasu launi dabam ne.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yanzu ni shugabar makaranta ce. A zangon da ya wuce malamar lissafinmu ta tafi hutun haihuwa. Wani dattijo daga dangin maigidana ya zo har gida, ya ce 'yarsa tana riƙo, ta daɗe ba ta samu ba, in taimaka. Mutumin da ya yi mini ɗawainiya lokacin rasuwar Innarmu. Na ɗauki waya na kira ofis, na ce ita nake so. Ko minti biyu ba a yi ba aka gama. Ban ji komai a raina ba, wallahi, kamar na aiki yaro kanti.

Kwana uku da fara aikinta wani saurayi ya yi sallama a ƙofar ofishina, ya ce sunansa Malam Nura, daga Hanwa. Rigarsa a goge, takalminsa ya sha hanya. Ya ce shi malamin lissafi ne, ya fi wata biyar bai samu riƙo ba, kuma ya ji an ba da wannan ba tare da an ma sanar ba, ga wadda ta karanta Hausa. Sannan ya buɗe jaka ya fito da takarda a cikin leda, kwafin kwafi, rubutun duk ya dushe.

“Hajiya, ba rashin kunya na zo yi ba. Wannan yarjejeniyar ba a soke ta ba. Ta ce a bi layi, a bi fanni. Wani Malam Lawal ne ya sa mana hannu, ni ban riske shi ba, amma manyanmu sun ce duk wanda aka tsallake ya je da ita ya yi magana.”

Na karɓi takardar. Hannun Yaya ne a ƙasa, da wannan doguwar wutsiyar da yake ja wa harafin ƙarshe. Ban gaya wa yaron ko ni wace ce ba, kunya ba ta bar ni ba. Na ce ya ba ni mako guda.

Gyaran ya fi ɓarnar wuya. Abin da aka yi cikin minti biyu sai da na yi mako uku ina zirga-zirga kafin a warware shi. A ofis aka ce ai ni na nema, yanzu kuma na zo ina kawo musu tsohuwar takarda. Na je ƙungiya, aka ce in rubuto. Da na kira yarinyar na faɗa mata, ta yi kuka a gabana, kuma kukanta na gaskiya ne, ita ma mabukaciya ce, ba ita ta yi laifin ba. Mahaifinta har yau in na gaishe shi da kai yake amsawa. Malam Nura ya karɓi ajin saura mako bakwai hutun haihuwar ya ƙare. Ba na ba da wannan labari don a yaba mini. Na ba da shi ne don in ni, da na ɗauki wayar nan ranar sadakar uku, zan iya tsallake layi ban ji ɗar ba, to babu wanda za a bar wa wannan al'amari a hannun kirkinsa. Sai an rubuta, an kafa inda kowa zai gani, kuma akwai ƙungiyar da za ta tsaya wa wanda aka tsallake tun kafin ya zo shi kaɗai da leda a hannu.

Idan na auna abin da Yaya ya bari, ba shi da nauyi a idon duniya. Bai bar fansho ba, bai bar gida na biyu ba, babu makarantar da aka sa wa sunansa. Saude da injin markaɗe ta ƙarasa rainon yaran. Abin da ya yi wa wahala rabinsa ya rushe, sauran rabin ana bin sa ne in an ga dama. Amma tun daga kan Malama Talatu ban sake jin an kori mai riƙo a tsakar makaranta da fatar baki ba, ko mugun shugaba yakan tsaya ya kira zama, domin ya san akwai takarda. Kuma akwai samari da 'yan mata a garin nan, waɗanda suna firamare lokacin da ya rasu, da suka san idan aka danne su suna da ikon yin sallama a ƙofar shugaba su tsaya a miƙe su faɗa. A zamaninmu ba mu san haka ba. Mun ɗauka sai dai mu ce Allah ya isa a zuci, mu koma benci.

Taron reshe yana tafe bayan hutu, kuma zan sake miƙewa karo na huɗu. Ina roƙon malaman dindindin da ke karanta wannan, musamman waɗanda suka taɓa tafiya haihuwa ko karatu suka dawo suka tarar da ajinsu bai watse ba, wannan karon kada ku yi mini tafi. Ku ɗaga hannu a ƙirga.

Allah ya jiƙan Yaya Lawal, ya yafe masa kurakuransa, ya sa wahalar da ya sha a kan hanyoyin garin nan ta zama masa nauyi a mizani. Ya ba shi masauki na dindindin, inda babu mai zuwa ya ce masa mai wurin ya dawo.